Kwalbar da Ba Ta Ƙone Ba

Tun da aka kai ta gidansa ba ta taɓa ganin mijinta ya cinye abinci a zaune ba. Ɗalibansa na ajin kimiyya ne suka laƙaba masa Malam Ba-zama, kuma ritaya ma ba ta zaunar da shi ba. Sai ya kwashe kwalabensa ya tare a ɗakin ajiya na bayan gida.

Tambaya ɗaya ce ta hana shi sakat. Ya ce kowace ƙwayar halitta da wani irin sukari aka gina saƙon gadonta, to kafin a yi tsiro ko dabba, daga ina sukarin farko ya fito? Yakan ɗumama fomalin, ruwan nan na adana gawa, da farar ƙasa. Sukari kan samu kuwa, amma kafin ka ƙifta ido ruwan ya yi rawaya, ya ƙone, ya koma baƙi kamar kwalta. Burinsa ya sami abin da zai hana ƙonewar. Ita dai takan ce da ya saya a kanti ya huta.

Bana ne hankalinta ya tashi. Yana zuba shayi a gefen kofi, yana gaida ƙanensa da sunan maƙwabci. Da ta yi maganar likitan ido sai ya hau faɗa, wai gilashinsa ne ya yi datti. Tsoro take ji ƙwarai kada ya makance yana musu.

Wata safiya ya faɗo kicin yana haki, ya ja ta har ɗakin da warinsa ya hana ta shiga shekara da shekaru. Ya ce ya ƙara wani gishirin ma'adini, ga shi tun ɗazu ruwan bai sauya ba. Ya ɗaga kwalbar saitin taga cike da murna.

"Duba, uwargida. Fari tas."

Ta duba. Ta so ta yi masa ƙarya, har ta buɗe baki.

"Malam, baƙi ne wuluk."

Ya kai kwalbar dab da hancinsa, ya juya ta, ya sake juyawa. Sannan ya laluba bayansa, ya sami kujera, ya zauna. Ganinsa a zaune ya fi komai ba ta tausayi.

Can ya ɗago, ya ƙura mata ido.

"Mayafin nan naki," ya ce, "wane launi ne?"