Sandar da ta Karkace

Yayana ya tsufa a kan aiki ɗaya, kuma har yau dangi ba su san me yake yi ba. A ofis Mai Gadi suke ce masa. Manhajarsu ta adana murya ce, irin wadda ake ba wa umarni da rubutu a baƙin allo: ka rubuta sunanta, ka bar fili, ka sa alama da harafi. Ɓangaren Yaya shi ke tsayawa a bakin ƙofa, ya duba abin da aka rubuta, ya rarrabe umarni da sunan fayil, ya mayar da shirme inda ya fito.

Da, karkatacciyar sanda ake sawa kafin harafin. Daga baya aka koma karan ɗori, ɗan layin nan na kwance. Yaya ya bar ƙofar tana karɓar duka biyun, shi ke nan ya jawo wa kansa. Sandar nan ita ce kuma ke raba sunayen fayil, don haka kullum sai an samu wanda manhajar ta ɗauki fayilinsa a matsayin umarni. Ya yi faci, ya yi faci a kan faci, idonsa ya yi ja, shayinsa ya huce a gefen allo.

"Cire sandar nan mana, Mai Gadi," in ji manaja. "Wa ke amfani da ita yanzu?"

"Akwai mutum ɗaya," in ji Yaya.

Babanmu ne. Tsohon mai buga takardu ne, kuma mantuwa ta cinye shi. Ni yana kirana da sunan ƙanwarsa, Yaya kuwa "Malam" yake ce masa. Amma kowace safiya yakan zauna gaban kwamfutar falo, yatsunsa su rubuta sunan manhajar, fili, sanda, harafin k. Sai muryar marigayiya Mama ta fito tana faɗa a kan wanda ya bar famfo a buɗe. Ya yi murmushi, ya yarda ya karya kumallo. Mun gwada koya masa karan ɗori, kamar muna zuba ruwa a kwando. In mu muka kunna masa, ko kallo ba ya yi.

Da Yaya ya ɗauki hutu don a duba masa ido, aka cire sandar. Ban ma ga laifin manaja sosai ba, ita ma ta gaji. Haushina na kan kwamfutar falo da ta sabunta kanta ba wanda ya aike ta.

Ina shara na ji shiru ya yi yawa. Baba ya rubuta, allon ya ce bai san wannan umarni ba. Ya sake, ya sake. Sannan ya ɗora hannuwansa a cinya yana kallonsu.

Yaya ya dawo daga asibiti da auduga a ido ɗaya, bai ko cire takalmi ba ya mayar da tsohuwar manhajar. Ya durƙusa kusa da kujera.

"Baba, gwada yanzu. Na gyara."

"A'a, Malam," in ji Baba. "Na manta yadda ake yi. Kar in ɓata muku kaya."

Har yau Yaya yakan kunna kwamfutar kafin ya fita aiki, ya juya allon ya fuskanci kujerar. Da yamma ni nake kashewa.