Buhunan Ƙasar Goggo

Ranar Laraba, sha tara ga watan Agusta, da hantsi, Allah Ya karɓi abinSa. Goggona, ƙanwar Baba, malamar jami'a mai binciken ƙasusuwan dabbobin da suka shuɗe tun kafin ɗan Adam, ta rasu a ɗakinta bayan doguwar jinyar ciwon hanta. Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma.

Goggo, kin fi kowa sanin ni ba mai magana ba ce. Ko baƙo ne ya yi sallama, bayan labule nake komawa har ya tafi. Da an bar ni da kukana, da ban ɗauki biro ba. Amma ranar da aka kai ki, ina zagayawa da ruwan sha cikin mata masu gaisuwa, na ji abin da ake faɗi. Wata ta ce, "Duk karatun nan, ta ƙare a wasan ƙasa kamar yarinya." Wata ta rage murya ta ce ai duk mai tonon ƙasusuwa, wata rana masu ƙasusuwan za su biyo shi gida. Na ajiye musu kofuna, na wuce, ban ce komai ba. Yau zan ce.

Ba wanda ya biyo Goggo. Ciwo ne, likitoci sun gan shi, sun faɗi sunansa, ajali kuma ya zo a ranarsa. Abin da kuke kira wasan ƙasa kuwa, ga yadda yake. Takan je can gindin wani tsauni ita da abokan aikinta, su kankaro ƙasa daga jikin dutse, hawa-hawa, kowane hawa da buhunsa, kowane buhu da launin zaren da aka ɗaure bakinsa. Sai a jiƙa ƙasar, a wanke ta a rariya, a shanya. Abin da ya rage ta zuba kaɗan-kaɗan a faranti, ta sa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, tana turawa da bakin ɗan buroshi, ƙwaya bayan ƙwaya. Wasu suna neman ƙashin cinya mai tsayin mutum, na manyan dabbobin nan da ake kira dainoso. Ita haƙoran 'yan ƙananan dabbobin da suka rayu a ƙarƙashin ƙafafunsu take nema, haƙorin da bai kai ƙwayar shinkafa ba.

Goggo, ke kaɗai ce a gidan nan ba ki taɓa ƙwace mini littafi ba. Ranar da kika kama ni na ɓoye littafin soyayya a cikin na lissafi, na zaci kashina ya bushe. Kika karɓa, kika gyara tabarau, kika karanta shafi guda kina gyaɗa kai kamar mai duba jarrabawa.

"'Yar Mafarki," kika ce, don haka kike kirana, "wannan saurayin an ce dogo ne, mai saje, mai sanyin murya. Haƙoransa fa? Ba a faɗa ba? To ni ban san shi ba ke nan. Zo ki ga waɗanda na sani."

Ranar na fara sa idona a madubinki. Na ga tsakuwa ta zama duwatsu manya, na ga ƙashin kifi kamar an sassaƙa shi da allura. Kika ce in yi a hankali, kada in yi numfashi da ƙarfi a kan farantin, don atishawa ɗaya tana iya watsar da aikin wata guda. Ni da ake yi wa gorin shiru, a ɗakinki shirun nawa ya yi amfani.

Bara kika samo haƙora biyu, baƙaƙe, masu ƙyalli, waɗanda kika ce ba su yi kama da na wata dabba da aka sani ba. Kika yi ta maimaita subhanallah. Ni kuwa da na gan su kwance gefe da gefe, zuciyata ta tafi inda ta saba.

"Goggo, ko mata da miji ne? Ko tare suka mutu?"

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. "Ɗaya na sama ne, ɗaya na ƙasa. Wataƙila ma daga baki ɗaya suka fito. In soyayya kike so, ki koma ƙarƙashin katifarki. A nan ba a yi wa matattu ƙarya."

Kin ce haƙora biyu ba su isa a ba dabba suna ba. Sai an sami ƙari, ko guntun muƙamuƙi, kafin masana su yarda sabuwa ce. Kina cikin nemansa ciwo ya kwantar da ke. Da kika kasa zuwa ɗakin bincike, kika roƙa aka kawo miki sauran buhunan gida, aka jera su a baranda kusa da ƙofarki. Kina zaune an tokare miki baya da matashi, ni ina wankewa ina shanyawa, ke kina dubawa. Daga baya idonki ya gaji, ni nake dubawa, ke kina tambaya, "Me kika gani?" In ce tsakuwa. Ki ce, "Madalla, ci gaba." Ba ki taɓa cewa za ki warke ba, ba ki kuma taɓa cewa a ɗaure buhunan a mayar ba.

A littattafaina in mutum ya mutu, sama takan yi masa kuka. Washegarin rasuwarki an yi ruwa da safe, amma abin da ya bari laka ce kawai a ƙofar gida, masu gaisuwa suna ta zamewa. Ina wanke kofuna na ji ƙarar baro. Na leƙo, sai ga Baffa, yayan Baba, ya dawo da baro ba komai a ciki, yana shirin ɗora buhu na biyu. Na farkon ya riga ya zazzage shi a ƙofa.

Ban san lokacin da na isa barandar ba. Ko takalmi ban sa ba. Na haye kan buhunan na zauna, ga maza cike da wurin.

"Ke, tashi," in ji Baffa. "Mutane na zamewa. Ɗazu wani dattijo ya kusa karyewa."

"Ba zan tashi ba, Baffa."

"Me kika ce?"

"Ba zan tashi ba."

"Ikon Allah! Yau bebiya ta yi magana. Ƙasa ce fa, 'yar nan, ƙasa! Ita kanta mai ƙasar, jiya da irinta muka rufe ta."

"Wannan ba irinta ba ce. Aikinta ne da ba ta gama ba."

Na ƙara gyara zama a kan buhunan. Aka kira Baba. Ya zo idonsa jawur, don shi ya sa ki a kabari da hannunsa. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce in wuce ciki, kuma wallahi ban san me zan yi ba in ya faɗa, don ban taɓa musa masa ba. Ya daɗe yana kallon buhunan.

"Me ke ciki?" ya tambaye ni.

"Ban sani ba, Baba. Ita ma ba ta sani ba. Shi ya sa ba za a zubar ba."

Sai ya juya ya ce, "Yaya, akwai katako a bayan gida." Shi da kansa ya tattare babbar rigarsa, ya riƙa ɗauko katakon ɗaya bayan ɗaya, yana shimfiɗawa a kan lakar ƙofa.

Goggo, ba zan ɓoye miki ba, wanda aka zubar mai jan zare ne, na hawan da haƙoran nan biyu suka fito. Na je na durƙusa a wurin. Ya cuɗe da lakar titi da ta takalman mutane, kuma ke kika koya mini cewa ƙasa in ta gauraya da wata, duk abin da aka tsinta a ciki ba mai iya rantsuwa daga inda ya fito. Wataƙila ba komai a cikinsa. Wataƙila kuma muƙamuƙin da kika yi ta nema yana can ƙarƙashin katako, masu zuwa yi miki addu'a suna bi ta kansa. Ba zan taɓa sani ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Baffa ba mugu ba ne, ƙafafun baƙi yake tausayi. Mama ta ce in je in ba shi haƙuri. Na je, na durƙusa, na ba shi haƙurin ɗaga murya. Haƙurin zaman ban ba shi ba, ba kuma zan ba shi ba.

Na ja sauran buhunan cikin ɗakinki, na kulle, makullin yana wurina. Abokiyar aikinki ta zo gaisuwa, ta ce za su turo mota a kwashe su. Ni da bakina na roƙe ta ta bar ni in riƙa zuwa ɗakin binciken in an yi hutu, in ci gaba da dubawa. Ta ce in Baba ya yarda. Baba ya ce in fara gama jarrabawa. Bai ce a'a ba. Masu cewa za a biyo ni, su ci gaba da faɗi, sai dai yanzu su sani ina ji, kuma ina amsawa.

Ya Allah, Ka jiƙan Goggo, Ka gafarta mata kurakuranta, Ka sa jinyarta ta zama kaffara. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, ita da ta ƙarar da idonta tana kallon ƙananan halittunKa tana tasbihi. Ina miƙa ta'aziyya ga Baba da Baffa da Mama, da ɗalibanta da abokan aikinta, da matan da suka yi maganar nan ma, don su ma sun yi rashi ko da ba su sani ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau.

Ni kuma, ya Allah, Ka ba ni ido da tsawon rai in ga ƙasan buhu na ƙarshe. Amin.