Kwanonin Yaya Garba da Ƙwan Zabin Alhaji

Bana shekara talatin cif da rasuwar yayana Garba, wanda mutanen Kalgo suka laƙaba wa suna Malam Mai Ɓera. Waɗanda suka raɗa masa sunan suna nan da ransu, su ne yanzu ke rangwaɗa kai suna cewa, “Allah Ya jiƙan masani.” Masani! Yaushe ya zama masani a bakinku?

Ya dawo daga karatu a ƙasar waje cikin shekarun tamanin, lokacin ina aikin jinya a Gwandu, ya iske idon Innarmu ya fara tafiya. Ba yanar ido ba ce balle a cire, jijiyar idon ce ke mutuwa. Sai ya karɓi koyarwa a sakandare, ya mayar da wani ɗaki a gidanmu na Kalgo wurin bincike, yana kiwon fararen ɓeraye a keji. Yakan cire idon jinjirin ɓera, ya ɓare siririyar fatar nan ta can ciki mai karɓar haske, ya jiƙa ta a wani magani da ya ce daga ɗanyar gwanda ake samo shi, kamar yadda muke naɗe nama da ganyen gwanda ya yi laushi. A haka ƙwayoyin jijiyar ke rabuwa ɗaya-ɗaya, ya zuba su a 'yan kwanonin gilashi cikin wani ruwa ja-ja. Abu ɗaya yake son sani: me ke kashe su, me kuma zai sa su daɗe.

Ƙwayoyin nan sai da ɗumi irin na jikin mutum, wutar lantarki kuwa kun san halinta. Don haka ya sayi akwatin ƙyanƙyasar ƙwai mai fitilar kananzir, a ciki yake ajiye kwanonin. Shekara biyu yana yi suna mutuwa a kwana na biyu ko na uku, gari na dariya. A majalisa har tambayarsa ake yi ko ɓerayen sun fara sa tabarau.

Wata damina sai suka rayu. Ya kira ni na leƙa madubin likita, na gan su sun fitar da 'yan zarurruka kamar saiwar gero. Wani farfesa ya riga ya rubuto masa cewa in suka kai mako biyu ya ɗauko hotonsu ya zo, akwai gurbin aiki da ɗakin bincike na gaske.

Ranar kwana na tara aka yi mana rasuwa a Dodoru, muka tafi jana'iza tun safe. Babban wanmu, Alhaji Sani, ya riga mu dawowa da ƙwaryar ƙwan zabi da ya saya a hanya. A gidanmu kayan ƙane na wa ne, ba a tambaya. Da la'asar muka shigo, ya tare mu yana washe baki.

“Garba, na ari akwatin nan naka. 'Yan kwanoninka kuma na iske ruwa ya kwana ciki, na sa an wanke ma su tas da toka.”

Ga su nan an kife a rana, suna ƙyalli. Yaya Garba ya daɗe yana kallon su, sannan ya ce, “Na gode, Yaya.” Wannan “na gode” har yau tana ƙona mini rai. Ni na buɗe baki, Inna ta ce kul, ba a ja da babba.

Maganin da ya zo da shi daga ƙasar waje ya ƙare a wannan zubin, wani kuwa bai samu ba. Gurbin aka ba wani. Ya ci gaba da riƙe alli har ya koma ga Allah, Inna ma ta rasu ba ta gani. Zabi kuwa sun ƙyanƙyashe lafiya lau, an cinye su da Sallah.

Ba na cewa da ya warkar da Inna. Shi da kansa yakan ce aikin na masu zuwa ne. Da zai ga yaran da ke wucewa yau da farar riga zuwa jami'ar da aka gina a Kalgo, na san daɗi zai ji, don shi ba mai riƙo ba ne. Ni ce mai riƙo. Ni ce ke jin ƙyama idan Alhaji ya tara baƙi yana cewa, “Mu gidan ilimin kimiyya ne, ni na tsaya wa Garba.” Tsayawa kam ya yi, a kan akwati.

Abin da ya rage na Yaya Garba littafi ne guda a cikin adakata, zanen ƙwayoyin nan da fensir, shafi ɗaya kowace rana. Ya ja layi ya rubuta kwana na goma tun kafin mu tafi Dodoru, ƙasan layin babu komai.

Irin ciwon idon Inna ya kama Alhaji shekara huɗu ke nan. Duk na je ɗiga masa magani sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, “Da Garba na raye, da ya san abin yi.” Ban taɓa ba shi amsa ba, ƙanwa ce ni. Amma na san jikokinsa ke karanta masa jarida yanzu. Yara, ku karanta masa wannan a hankali, kada ku tsallake ko layi ɗaya.