Rabo da Tabarmar Surukarsa

Rabo ɗan goggona ne, wato taubashina, don haka duk abin da na faɗa a kansa ba mai cin tarata. Tun muna yara a Azarori nake tsokanarsa, har furfura ta fito mana ban fasa ba. Mutum ne dogo mai faɗin tafin hannu, a gona yana aikin mutum biyu, amma kunya ta yi masa katutu. In ka gaishe shi da ƙarfi cikin mutane sai ya dubi ƙasa kamar ka kama shi da akuyar wani.

Shekarar fara, da yunwa ta watsa garin, iyayensa suka rasu a jere, shi kuma ya ƙi bin masu gudu kudu don kada gonar ubansa ta zama ta kowa. Wata mata mai saƙar tabarma a unguwarsu, Saude, ita ta riƙa aika masa da ɗan abin da ta samu, yau dambun ganye, gobe ruwan dusa, har damina ta zagayo. Da duniya ta yi sauƙi ya nemi auren 'yarta Hasana, ba shi da ko tunkiya, ta ba shi. To, ka san yadda muke da surukai a Adar. Ba ka cin abinci gabansu, ba ka haɗa ido da su, in ka hango su a hanya ka tuɓe takalmi ka durƙusa, sunansu kuwa ba ya fita bakinka har ka koma ga Allah. Kowa yana yi daidai gwargwado, amma na Rabo ya wuce misali. Ko wata yarinya aka ƙwala wa kira da suna irin na surukarsa yana zaune, sai ya tuna yana da aiki a wani wuri. Ni kuwa abin nema ya samu. In na ga ya cika baki da fura sai in tambaye shi lafiyar Saude, in zauna ina kallon yadda zai ƙware.

Tabarmar Saude ba a Azarori kaɗai aka san ta ba. Ita ke zaɓen kabarta da kanta, ta tsaga ta siriri, ta rina jan da karan dafi, ta ninka gefen ta ɗinke. Tana sabuwa ba ka bambanta ta da ta kowa in ba gwani ne kai ba. Sai ta ga damina ta ga rani, sauran sun zare sun koɗe, ita tana nan. Shi ya sa fataken da ke zuwa daga Sakkwato da Buzayen da ke saukowa daga arewa ba kyau suke dubawa ba, suna suke tambaya. Matansu sun yi musu saƙo tun daga gida: a sawo ta Saude. Mai kai ta kasuwa shi ne autanta Habu, yaro mai baki kamar maroƙi. Auta ba ya da kunyar kowa, sai ya tsaya tsakiyar kasuwar Madawa ya yi ta rangaɗa sunan uwarsa, kafin la'asar jakinsa ya koma gida ba kaya.

Shekarar da yaƙin Turawa ya tashi, kumandan, wato Baturen mulki, ya aiko a ba da samari, gardi, dogaransa, suka zo suka tafi da Habu soja. Saude gwiwoyinta sun ƙi, Hasana tana goyo, kuma matar aure ƙarama ba ta zaman kasuwa. Talla ta faɗo kan Rabo.

Ina sayar da albasa nesa kaɗan da inda ya shimfiɗa kayansa, saboda haka da idona na ga farkon abin. Wani bafatake ya tsaya ya shafa tabarma ya ce, "Mai kaya, wagga ta wa ta?"

Rabo ya ce, "Ta gidanmu ta."

"Gidanku ba ya da suna? Wa yas saƙa ta?"

"Tsohuwa ta."

"Wace tsohuwa? Tsohi sun ƙare ga duniya?"

Rabo ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rigarsa. Mutumin ya jira, ya gaji, ya yi gaba. Na yi dariya ranar har da riƙe ciki, don ban san inda abin zai kai ba.

Da na ga kasuwa ta ci sau da yawa jakin yana komawa da kayansa kamar yadda ya zo, sai na ce bari in ara masa baki. Na bar albasata na tsaya kansa ina kiran ta Saude, ta Saude. Mutane suka zo, amma mai saye ba mai albasa yake tambaya ba, mai kaya yake tambaya. Su ce, "Kai, hakanan na? Tata ta?" Maimakon ya ce i, sai gogan ya ji sunan surukarsa yana yawo bisa kansa, gumi ya karyo masa, ya kau da fuska. Duk wanda ya gan shi sai ya ce maƙaryaci ne aka ritsa. Na ƙara ɓata masa ciniki, ya roƙe ni don Allah in koma wurin albasata. Na koma ina zaginsa, don haushi ya fara cin dariyar.

Akwai wani dillalin tabarma, Maiguwa, mai bin ƙauyuka yana tara duk abin da ya samu da araha. Ya lura suna yana kwance ba mai ɗauka, sai ya ɗauka. Ya kafa kayansa daura da na Rabo yana kiran ta Saude da iyakar muryarsa. Na same shi na ce ya ji tsoron Allah, ya ce mini, "Saude guda ta ga duniya? Matar ƙanena ma Saude ta." Gaskiya ne matar ƙanensa sunanta ke nan, sai dai ko faifai ba ta iya saƙawa ba.

Haka Rabo ya yi ta zama, a Madawa, a Buza, har Tabotaki, ana sayar da kayan banza da sunan surukarsa a gabansa, na gasken suna jibge ƙarƙashin hannunsa. Ba ya iya ƙaryata Maiguwa, don ƙaryatawar sai da kiran sunan. In ya koma gida ya ce wa Hasana kasuwa ce ba ta ci, ita kuma ta kai wa uwarta haka nan. Rumbu yana ja da baya, lokacin lanho, wato haraji, yana ƙaratowa, tabarmi suna taruwa a ɗakin tsohuwa har sun kusa taɓa rufi. Duk wannan da sauƙi. Abin da ya fi ciwo ya zo bayan damina, lokacin da kayan Maiguwa suka nuna halinsu a gidajen mutane. Magana ta bazu cewa hannun Saude ya mutu, ta fara ha'inci. Har bakin rijiyar Azarori maganar ta iso, kuma a can ta ji ta. Matar da ta yi shekara da shekaru ba a taɓa mayar mata da kaya ba, ta ajiye kaba ta daina saƙa.

Rabo ya rame. Na ce masa, "Taubashi, suna na, ba wuta ba. Ka hwaɗa shi, harshenka ba ya ƙonewa."

Ya ce, "Ɗanlami, matar da tac cishe ni ina mutuwa, in tsaya cikin kassuwa in kira ta awa ƙanwata? Ba ni iyawa."

Wata ranar kasuwar Madawa, da hantsi, na hangi Saude. Ta biyo mata masu daddawa bisa jaki, ba ta gaya wa kowa ba, ta zauna bayan rumfar masu gishiri inda za ta ga kayanta surukin bai gan ta ba. So take ta gane wa idonta abin da ke kashe mata suna. Na miƙe in je in raɗa wa Rabo, sai hayaniya ta riga ni.

Wani bafatake ne ya dawo da tabarma a zare, janta ya zuba ya ɓata, ya jefa ta gaban Maiguwa. Ya ce matarsa ta shimfiɗa wa baƙi, suka tashi da riguna ja. Ya tsine wa hannun da ya saƙa ta. Mutane suka taru. Maiguwa bai ko ji ɗar ba, ya buɗe hannuwa ya ce, "To mi za mu yi? Tsuhwa ta kama Saude, ido ya tahi, sai son kuɗɗi yar rage. Ni ma cutata takai."

Ban taɓa jin Rabo ya ɗaga murya ba, ko jaki yake kora. Ya miƙe tsaye, ya ɗago tabarma guda sama da kansa.

"Ƙarya kakai, Maiguwa. Wagga ba ta Saude ba ta. Ga ta Saude nan hannuna, ni ka auren ɗiyatta. Saude ba ta taɓa cutar kowa ba. Saude ta cishe ni shekarar hwara, sa'adda kai kaka ɓoye hatsi."

Kowa ya waiwayo. Sai wata tsohuwa mai goro ta dafe ƙirji ta ce, "Jama'a, yaron ga surukuwatai yaka kira da suna." Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka ɗauka, dariya ta bi layin masu tabarma har layin mahauta. Rabo ya sauke hannu a hankali, ya juya don ya ɓoye fuskarsa, ya yi ido huɗu da Saude. Ta taso daga bayan rumfa tana dogara sanda, ta ji komai. Ta ja gefen zanenta ta rufe fuska.

Ya saki tabarmar, ya bar takalmansa, ya bar jakin, ya ratsa mutane ya fita kasuwa ta bayan gari. Ni na zauna kan kayan, kuma kafin azahar ba ko guda. Wanda ya kira surukarsa da suna tsakar kasuwa ba ƙarya yake ba, haka fataken suka ce, suna biya suna dariya.

Bai koma gida ba. Ya tare a bukkar gonarsa, Hasana tana kai masa fura yana karɓa ta bayan zana, ita ma ya kasa dubanta. Na je na ce ya taso an sayar da kaya, ya ce in bar shi, da ƙasa za ta tsage da ya gode mata. Sai da tsohuwa ta aiko Hasana da magana, ina wurin aka faɗa. Ta ce, "Inna ta ce in gaya maka, in sunan ya yi maka nauyi, ta yahe. Ta ce tun tahiyar Habu babu wanda yat tsaya mata sai kai." Rabo ya kifa kai bisa gwiwa ya yi kuka irin na manya, wanda ba sauti sai kafaɗu.

Ya dawo gida, Saude ta koma saƙa, kasuwa ta buɗe fiye da zamanin Habu. Maiguwa ya koma sayar da igiya. Amma kada ka ce Rabo ya huta. Bai sake kiran sunan ba, kuma ba ya bukata, don duk baƙon da ya shigo kasuwa tambayarsa guda ce, ina wanda ya kira surukarsa. Yara su nuna shi. Masu saye su tsaya, sun san amsa sarai, su ce ta wa ta, don dai su ga ya sunkuya. Sunan ubansa ya ɓace, daga Madawa har Keita ya zama Rabo na Saude. Yana zaune kansa a ƙasa, kaya suna tafiya, gida yana ci. Na taɓa tambayarsa ko sunan nan ya yi masa rana ko ya cuce shi, ya ce tabarma dai ta ci riba. Gaban tsohuwar kuwa kunyarsa ninkuwa ta yi. In ya ji sandarta a ƙofar gida, ta kan danga yake fita.

Yaƙi ya ƙare, wasu suka dawo, Habu bai dawo ba. Idon Saude ya fara dushewa da gaske. Tabarmar da ta saƙa ta ƙarshe ta daɗe a hannunta, da lalube ta gama ta, ta ba Hasana ta ce wannan ba ta kasuwa ba ce, ta mai gidan Hasana ce. Ba a jima ba ta rasu. Rabo ya naɗe tabarmar ya rataye ta a ɗakinsa, bai taɓa zama a kanta ba, yana kwana bisa wani tsohon buzun rago duk ya ƙoƙe.

Wata rana na shiga wurinsa na ga ba abin zama, na miƙa hannu zan sauko da ita. Mutumin da na yi shekaru ina ci masa fuska bai taɓa ce mini kanzil ba, ya cafke mini wuyan hannu har na ji zafi.

Ya ce, "Ɗanlami, yi wasa da komi nawa, ban da wagga."

Bakin da ya saba ba ya jin birki, na ce, "To, ta wa ta?"

Ya buɗe baki, na ga leɓensa ya motsa. Ba kowa a ɗakin sai ni da shi, mai sunan kuma tana kabari. Ya dubi ƙasa, idonsa ya cika, ya ce, "Ka sani."

Ni da ba ni da ta ido, ranar na ji kunya har tafin ƙafata. Na janye hannuna na zauna a ƙasa kusa da shi.