Mai Gyaren Kara a Tashar Makarfi

A bakin tashar Makarfi, inda Zakiyyu yake jiran mota ta cika, wani dattijo yana zaune a kan buhu, fuska a murtuke kamar wanda aka ci wa iyakar gona. Hularsa ta koɗe, yatsunsa duk tabon wuƙa. Gyaren wasan yara yake haɗawa da karan dawa, ya ɗaura masa zare mai ƙaro, in ya wulwula shi sai ya yi kuka. Kowanne sai ya kasa kunne ya saurara, wanda muryarsa ba ta yi masa ba ya jefar gefe. Zakiyyu yana zaton irin wannan kunne na tsohon mai goge ne, wanda lasifika ta kora daga gidajen biki.

Tun safe babu wanda ya taya. Sai ga wani mai babbar riga ya sauke gilashin motarsa, ya nuna ɗaya daga cikin waɗanda dattijon ya jefar gefe.

"Baba, miƙo mini wancan. Ai yara zan kai wa, ba su san bambanci ba."

Jijiyar wuyan dattijon ta miƙe. Ya ɗauki gyaren, ya sa ƙarƙashin takalminsa, ya murƙushe.

"Alhaji, tun da aka fara feshi a gonaki, gyare ya yi shiru a garinmu Gubuchi. Yaron da bai taɓa jin na gaske ba, ni zan yi masa ƙarya?"

Motar ta wuce. Dattijon ya ɗauki wani kara yana ferewa.