Aikin Ƙarfe Biyu

A kasuwar Maigatari na sayi kwamfutar, ta hannu ce, daga Damagaram aka shigo da ita. Komai nata da Faransanci yake, ni kuwa ko gaisuwa ban iya da shi ba. A cikinta nake tara muryar Baba. Duk Juma'a idan na je gida Sule Tankarkar sai in ɗauke shi a waya yana ba da labarin kakanninmu, in dawo Gumel in juye, in goge na wayar don ta samu wuri.

Tsoron kada su ɓata ya sa na kai ta wurin wani abokin aikina da ke koyar da kwamfuta. Ya soka mata ɗan filas, ya ce zai saita ta ta riƙa kwafe komai a ciki kullum da kanta.

"Wane lokaci kake so?"

Na ce ƙarfe biyu, lokacin ina masallaci, kada ta dame ni.

Ya ce, "Amma fa aikin sai da izinin mai gida. Kai a wurinta baƙo ne, sai ta tambaya ka amsa mata."

Nan kaina ya ɗaure. Ni na saya, a ɗakina take kwana, wane mai gida kuma? Ya yi ta bayani, na yi ta gyaɗa kai don kada a ce malami guda bai gane ba. Na ɗauka tambayar sau ɗaya ce, kuma ai ya amsa.

Ashe kullum ƙarfe biyu wani ɗan akwati ke fitowa yana neman izini, ya jira, ya gaji, ya ɓace. Sau ɗaya na makara alwala na gan shi. Na zura masa ido, ban san me yake so ba, na rufe shi da sauri na tafi salla.

Baba ya rasu da kaka. Damina na shigowa kwamfutar ta mutu, mai gyara ya ce ba abin da zai fita. Ban damu sosai ba, na ɗauki filas na ari wata kwamfutar na tafi gida, don Inna ta ce tana so ta ji muryarsa.

Ta shimfiɗa tabarma, ta kira ƙannena. Na buɗe filas, wayam. Na cire na sake sokawa har sau uku.

Inna ta gyara zama ta ce, "Ƙaro sautin mana, ɗan nan, kunnena ba ya ji sosai."