Kunyar 'Yar Fari

A gidanmu na unguwar Jekadafari a Gombe, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Haka na tarar, haka na yi. Da na haifi 'yata, gwaggon mijina ce mai ɗaukarta, ni kuwa ko nono zan ba ta sai na kau da kai. Har yabona ake yi, wai kunyata ta fi ta Fulani.

'Yar tawa ta shekara huɗu ba ta fara magana ba. In an kira ta ba ta waiwayowa, sai dai ta zauna tana jera murafun kwalba tun hantsi har azahar. Wata maƙwabciyarmu mai bakin tsiya ta ce, "Yarinyar da uwarta ba ta kalla ba, a ina za ta koyi kallon mutane?" Na wanke ta tas, amma maganar ta zauna mini a rai. Shekara biyu ina ganin ni na cuci 'yata, ban gaya wa kowa ba.

Wata rana a asibitin yara wata likita ta nemi izinin yi mini tambayoyi, ta ce bincike suke yi a kan iyayen yara irin tawa. Ta tambayi zazzaɓin da na yi da ciki, da daɗewar naƙuda, da ko auren zumunci muka yi, har da shekarun maigidan. Ina amsawa sama-sama, can raina ya ɓaci.

"Likita, yarinya na kawo. Ina ruwanki da furfurar ubanta?"

Ta yi dariya, ta nuna mini hoton ɗan tayi, ta ce a zahiri bai kai ƙwayar wake ba. "Hajiya, ƙwaƙwalwa tana fara ginuwa tun mace ba ta tabbatar tana da ciki ba. Shi ya sa muke komawa can baya."

Ashe lokacin da nake Kasuwar Gombe ina faɗa da mai kuɓewa, ana ta gina kan mutum a cikina, ba sanina, ba shawarata. Subhanallahi! Na daɗe ina kallon hoton nan.

Sai na ji bakina ya faɗi abin da na ɓoye. "Ban kalle ta ba tana jaririya. Kunya nake yi."

"Ni ma 'yar fari ce," in ji ta. "Har gobe uwata ba ta kiran sunana, ga shi surutu ya yi mini yawa. Cikin abubuwan da ke kawo lalura irin ta 'yarki akwai gado, akwai abin da ke faruwa a mahaifa, akwai abin da ba mu gano ba tukuna. Amma kunyarki ba ta ciki."

Na yi kuka a gaban baƙuwa har mayafina ya jiƙe. Da na share hawaye na ce ta ɗauko sabuwar takarda, ta sake tambayata daga farko.